Igiyar Nomau

Zazzaɓi ya kama Nomau tun da hantsi, kafin azahar ya kayar da shi. Ya kwanta a ƙarƙashin rumfar kara da ke tsakar gida, ya juya dama, ya juya hagu, kwanciyar ta ƙi yi masa daɗi. Ba zazzaɓin kaɗai ba ne. A ƙarƙashin tabarmarsa akwai igiyar guga a nannaɗe, gaba ashirin cif, tana cin haƙarƙarinsa. Shi ya kwance ta daga bakin rijiya da sassafe, ya ɓoye ta a nan, ya kwanta a kai.

Autarsa Hansatu ce za ta tafi yau. Uwale yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ta yi shekara biyar a birni tana karatun ruwa, yanzu an ɗauke ta aiki a wani jirgi mai yawo a tsakiyar teku yana awo, wata takwas ba za ta taka ƙasa ba. Motar da za ta kai ta tasha bayan la'asar za ta zo. Gidan su Nomau kuwa gidan maginan rijiya ne tun kaka da kakanni, kuma a gidan matafiyi ba ya fita sai uba ya ja ruwa da hannunsa daga rijiyar gida ya ba shi ya sha. Wanda ya fita bai sha ba, kowa ya san ba da yawun gida ya fita ba.

Nomau bai ce mata kada ta tafi ba. Shi ba mutumin magana ba ne. Igiyar kawai ya ɓoye.

Matarsa Azumi ta kawo masa magani da kunun tsamiya, ta tsuguna ta dubi tudun da ke ƙarƙashin tabarmar, ta kau da kai. Ta gaya masa yarinyar ta riga ta ba mutane alkawari, ko ta sha ko ba ta sha ba za ta shiga motar, ga ta can zaune a bakin rijiya da jakarta tun ɗazu, ba ta ci komai ba.

"Malam, igiya dai ba ta da ƙafa," in ji ta.

Ya ce shekara hamsin da ɗaya yana riƙe wa mutane igiya, bai taɓa barin kowa a ƙasa ba. Wanda ke cikin rami in ya girgiza igiya sau ɗaya, a ƙara masa ne. In ya girgiza sau uku, a jawo shi. Ko barci yake yi hannunsa ya san wannan. To, teku ina bakinsa da mutum zai kafa ƙafa? Wa zai riƙe mata? Azumi ta ɗauki kwanonta ta tashi.

Zafin bazara ya danne gidan. Sama fari fat, ko gizagizai babu. Wata kurciya tana ta maimaita magana ɗaya a kan darbejiya, har maganar ta fara nisa, ta fara zurfi, kamar daga cikin tulu take fitowa. Sai ya ji igiyar tana motsi a ƙarƙashinsa. Ta warware a hankali, ta zagaye ƙugunsa, ta ƙulla kanta da irin ƙullin da ubansa ya koya masa. Tabarmar ta buɗe kamar murfi.

Ga shi yana sauka cikin rijiyar gidansa.

Ya san kowane taki nata. Ga jar ƙasa, ga yumɓun da ya sha masa kai wata guda, ga tsakuwa, ga farin yashi mai sanyi. Ya ɗaga kai don ya ga wanda ke riƙe masa igiya, bai ga kowa ba sai wani ɗan da'irar haske kamar faifai, yana ƙanƙancewa. A gefensa tsohon gugansa na fata ne ke sauka tare da shi, bakinsa a wangame, yana dariya ƙasa-ƙasa.

Gugan ya ce masa yau dai maigida ya ɗanɗana abin da shi yake sha kullum. Nomau ya tambaye shi ina za su, ya ce sauri yake yi, akwai mota bayan la'asar. Gugan ya ce ai wurin ruwan za su, su tambaye shi daga ina yake.

"Ruwana ne," in ji Nomau. "Ni na haƙa na same shi."

"Ka same shi yana wucewa. Shekara nawa ina shiga ina fita, ban taɓa fito da ruwa ɗaya sau biyu ba. Kai zango ka gina, ka ɗauka gida ne."

Suka iso fuskar ruwan. Wani ƙwaro mai dogayen ƙafafu yana tsaye a kai, ƙafafunsa sun ɗan lotsa ruwan kamar yadda yatsa ke lotsa fatar ganga, amma bai nutse ba. Nomau ya tsaya kallo. Ƙwaron ya ce ruwa riƙe yake da ɗan'uwansa, kowane ɗigo hannunsa na cikin hannun na kusa da shi, na saman kuwa da ba su da kowa a bisansu sai su ƙara damƙe juna. Shi ya sa raɓa take dunƙulewa a kan ganye, shi ya sa danshi yake hawa bango. Ya ce shi mara nauyi ne, riƙon ya ishe shi. Sannan ya dubi Nomau sama da ƙasa, ya ce amma mai ɗauke da abin da yake ɗauke da shi a ƙirji, sai dai haƙuri.

Fatar ruwan ta yage. Nomau ya wuce.

Ya zaci yashi zai taka. Sai ya faɗo ta gindin rijiyar kamar hatsi ta ƙasan buhu, ya sami kansa a tsaye a wani fili da ba shi da gabas ba shi da yamma. Da farko ya ɗauka gonar gero ce iska ke kaɗawa, don haka take kwantawa tana tashi. Da ya duba da kyau sai ya ga babu kara ko ɗaya. Ruwa ne, shuɗi kamar an juye dukan karofin duniya wuri guda, kuma babu inda yake zaune. Ƙafafun Nomau suka nemi wurin kafawa, suka rasa. Igiyar ƙugunsa ta miƙe sama ta ɓace cikin haske.

Raƙuman ruwa suna tahowa garke-garke, tozayensu fari da kumfa. A bayansu wani dogon makiyayi ne mai rawani, fuskarsa a rufe, rigarsa ba ta daina kaɗawa, da sanda a kafaɗa. Bai tsaya ba, don haka dole Nomau ya bi shi da gudu-gudu yana sallama. Makiyayin ya ce sunansa Iska, kuma in magana ce a yi ta a tafe, shi in ya tsaya ya mutu.

Nomau ya tambaye shi ina yake kora duk wannan ruwa, ba ya tsoron ya kwashe shi ya bar rami? Makiyayin ya fizgi gugan daga hannunsa ya jefa a gabansu. Wani babban raƙumi ya taho, ya ɗaga gugan sama, ya ɗan tura shi gaba, ya sauke shi, ya dawo da shi baya. Raƙumin ya wuce abinsa. Gugan yana nan inda yake, yana tofar da ruwa yana zagi.

"Ba ruwan nake kora ba," in ji makiyayin. "Motsin nake kora. Ruwan zagaye ɗaya yake yi ya koma mazauninsa, ya miƙa wa na gaba. Kamar guɗa a gidan biki: ta kai ƙarshen gari, mai ita tana tsakar gida."

Ya ce wani raƙumin tun daga wata duniya ya taso shi, sati guda yana tafe, ba zai durƙusa ba sai ya ji ƙasa ta taɓa cikinsa a bakin gaɓa. Nomau bai gama jin wannan ba, idonsa ya faɗa kan wani abu can nesa. Jirgi ne fari, ƙarami kamar ƙwaryar da aka manta a tafki. A gefensa wata yarinya ta sunkuya tana zura doguwar igiya cikin teku, da kwalabe jere a jikinta. Tsayuwarta ya gane kafin fuskarta: ƙafar hagu a gaba, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Tsayuwarsa ce. Ba wanda ya koya mata, kallo kawai ta yi tun tana ƙarama.

Ya kira ta. Iska ya ɗauke kiran ya sa a aljihu, ya ce zai kai, amma ba yau ba. Wani raƙumi ya shiga tsakaninsu, da ya wuce babu jirgi.

Nomau ya dubi inuwarsa a kan ruwa. Ta fara tsawo.

Ya sa kai inda jirgin ya ɓace, amma ruwan da ke ƙarƙashinsa yana da tasa tafiyar. Wani kogi ne a cikin tekun, ba gaɓa ba ganuwa, ruwansa ɗumi kamar na wankan jego, ya ɗauke shi ya yi arewa da shi. A tsakiyar kogin wata mata ce ke sauri, ta tallabo kasko cike da garwashi, irin yadda ake ɗebo wuta daga maƙwabta. Ta ce daga ƙugun duniya take, inda rana ke dukan ruwa a tsaye, za ta kai wa mutanen ƙasashen sanyi. Nomau ya ce ai kafin ta kai ya huce. Ta yi tsaki, ta ce shi da ya tsufa a cikin ruwa bai san halinsa ba? Dutse ne mai saurin fushi mai saurin hucewa. Ruwa kuwa yini guda rana na lallashinsa kafin ya yi ɗumi, in ya ɗauka kuma ba ya saki da wuri. Shi ya sa aka ba shi aiken.

Ya lura ba ta tafiya miƙe, kullum tana karkata dama. Ya tambaya. Ta ce ita miƙe take nufi, ƙasar ce ke juyawa a ƙarƙashinta. Ya roƙe ta ta sauke shi, ya ce 'yarsa tana can baya. Ta ce a nan ba a sauka, sai dai a zagayo.

Garwashin yana raguwa, sanyi yana ƙaruwa. A wani wuri suka tarar da wata tsohuwa zaune dirshan a kan ruwa, gashinta fari, fatar hannunta duk ta tsage, tana sheƙe wani abu a faifai. Mai garwashi ta wuce, ta bar shi a gabanta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya kira ta Iya. Ba ta ɗago ba. Ta lakato abin faifan ta ɗora masa a harshe. Gishiri ne. Amma a bayan gishirin ya ji wani ɗanɗano da ya sani, na farin yashin nan da ke gaba goma sha bakwai a rijiyar gidansa, wanda in magini ya ɗanɗana ya san gobe zai ga ruwa.

Tsohuwar ta ce ruwa ɓarawo ne mai ladabi. Duk dutsen da ya shafa sai ya ɗauki ɗan wani abu, duk ƙasar da ya ratsa sai ya lasa, ba wanda ke jin an taɓa shi. Koguna su kawo mata, ita ta tara. Sannan ta nuna sama da haɓa. Nomau ya ɗaga kai ya ga Rana ta zuro igiyoyi dubu dubai, sirara kamar zaren gizo, tana jan ruwa daga fuskar teku ba guga ba wasaki. Ruwan yana tashi fes, ya bar gishirin a baya. A sama yana taruwa yana zama gizagizai, Iska kuma ya ɗaure su kamar kayan fatake yana turawa.

Ya tambaye ta ina za a kai. Ta ce garinsu, in Allah ya yarda, nan da kwana goma sha. Nomau ya ce a'a, Iya, hadarinsu daga gabas yake tasowa, wannan ko yaro ya sani.

"Daga gabas ake sauke kayan, ɗan nan. Daga nan ake ɗaurowa."

Gugan ya ƙyalƙyale da dariya a hammatarsa. Ya ce ga shi nan, mutum ya shekara sittin da bakwai yana shan teku, yana alwala da teku, an yi masa wankan haihuwa da teku, yau ya ce ba ya ba teku 'yarsa don bai san shi ba. Nomau ya ce ya rufe masa baki. Ya ce sanin asalin mutum daban, ba shi amana daban. Tsohuwar ta ɗago a karo na farko ta dube shi, ta ce wannan gaskiya ne. Ta ce ita ba za ta yi masa ƙarya ba, akwai waɗanda suka shigo ba su fita ba, tana da sunayensu duka. Sannan ta tambaye shi ko rijiya ba ta taɓa cin mutum ba. Ya tuna ta ci kawunsa, ta ci wani abokin aikinsa a wani gari, ba a hannunsa ba dai.

Inuwarsa ta ƙara tsawo. Ya miƙe zai tafi, sai ya ga sanyi ya rufe hanya. Ruwan da ke kewaye da su yana daskarewa, yana zama fararen duwatsu manya kamar tsaunuka, suna ƙara kamar ana karya itace. Nomau ya ja da baya yana jiran su nutse, don duk abin da ya taurare a saninsa ƙasa yake yi. Ba su nutse ba. Suna yawo a sama kamar ƙanƙarar da ake jefawa a zoɓo ranar kasuwa. Tsohuwar ta ce duk halitta in ta ji sanyi tsukewa take yi ta yi nauyi, ruwa ma haka yake yi, har sai ya zo gab da daskarewa, sai ya buɗe hannuwa ya yi sauƙi. Da ba don haka ba da tun daga ƙasa zai daskaro, ya kashe duk abin da ke ciki. Yanzu kuwa rufi ya zama, na ƙasa suna rayuwarsu.

Amma ƙanƙarar ba ta son gishiri. Tana daskarewa tana tofar da shi, ruwan da ya rage a gefenta yana ƙara ɗaci, yana ƙara sanyi, yana ƙara nauyi. Nomau ya ji nauyin a ƙafafunsa. Tsohuwar ta ce wanda ya yi sanyi ya yi ɗaci, ƙasa yake yi, haka dokar take. Ta koma kan faifanta.

Ya nutse.

Shuɗin ya koma baƙi. Babu sama babu ƙasa, sai nauyi a kan kafaɗunsa kamar rijiya ta rufta. Can ya ji yana tafiya cikin wani ayari. Ruwa ne a gabansa, ruwa a bayansa, kowa ya sunkuyar da kai, ana jan ƙafa a hankali a hankali bisa tsaunuka da kwaruruka da ba su taɓa ganin rana ba. A gaban ayarin wani kifi ne mummuna mai fitila a goshi, shi ne madugu. Nomau ya matsa kusa ya tambaye shi yaushe za a isa. Madugun ya ce isa ina? Ya ce inda ake fita. Madugun ya yi lissafi da haƙoransa, ya ce waɗanda suka shigo lokacin da kakan kakan kakan Nomau ya sara rijiyarsa ta fari, har yanzu ba su kai rabi ba. Shekara dubu, ko fiye, ko ƙasa da haka kaɗan. Amma kowa yana fita. A wata gaɓa mai nisa ayarin zai hau sama ɗauke da abincin kifaye, ya sha rana, ya sake zama mai ɗumi, ya bi mai garwashi.

"Ni bayan la'asar nake da ita," in ji Nomau.

Madugun ya ce nan ba a san la'asar ba.

Nan hankalinsa ya tashi. Ya yi ƙoƙarin gudu, ruwan ya riƙe shi. Ya yi ƙoƙarin kira, bakinsa ya cika. Ya hango Uwale a bakin rijiya da jakarta a cinya, ya hango motar ta tsaya, Uwale ta tashi ta shiga ba ta waiwayo ba, leɓenta a bushe. Shekara dubu zai yi yana jan ƙafa a cikin duhu da wannan bushewar leɓen a gabansa. Gugan ya daina dariya. A hankali ya ce masa, maigida, kai fa magini ne, ka manta abin da ke ƙugunka?

Nomau ya lalubi igiyar. Bai san ko akwai kowa a sama ba. Ya girgiza sau uku.

Aka ja.

Ja ne na gwani, ba fizga ba tsayawa. Baƙi ya koma shuɗi, shuɗi ya koma kore, ya fito yana haki. Sama ta zama bakin rijiya, da itatuwa a gicciye duk igiya ta yi musu zane. A bakin wani farin tsoho ne zaune, kodaɗɗe kamar yadda wata yake in ya fito da rana, ya kafa dugadugansa a itacen. Watan ne kuwa. Igiyar da ke hannunsa ba Nomau kaɗai ta jawo ba, tekun ne gaba ɗaya a ƙarshenta. Yana ja, ruwa yana hawa gaɓa, yana cika bakin koguna, yana ɗaga jiragen da ke kwance a laka. Nomau ya tsaya gefe yana kallo da idon ɗan sana'a, bai ga abin gyarawa ba.

Tsohon ya ce sau biyu yake yi tsakanin yau da gobe, tun ranar da aka ɗora shi. Ranar da ya tsaya sabo da ranar da ya cika, Rana takan kama masa, ran nan ruwa har ƙofar gidaje. Yana cikin magana sai Nomau ya ga yatsunsa sun buɗe. Igiyar ta fara zamewa tana tafiya, ruwa yana janyewa daga gaɓa, yana komawa can inda ido ba ya kai.

Nomau ya ce masa ya riƙe, ga shi yana kuɓucewa. Tsohon ya ce ba kuɓucewa ba ne. Nomau ya ce ya sha wahala ya jawo, don me zai bari ya koma? Tsohon ya matsa gefe, ya miƙa masa igiyar, ya ce hannunsa ya gaji, ɗan'uwa ya karɓe shi.

Nomau ya zauna, ya kafa ƙafar hagu, ya damƙe. Nauyin da ya ji ba na teku ba ne. Ya san nauyin nan, ya ɗauke shi a kafaɗa zuwa kasuwa, ya ɗauke shi zuwa asibiti da ƙyanda. Ya leƙa. Rijiyar gidansa ce, Uwale tana rataye a tsakiya, daidai wurin yumɓu, ba ta sama ba ta ƙasa. Can ƙarƙashinta ruwa yana ƙyalli, yana numfashi, da farin jirgi a kai. Ba ta kuka. Ta ɗago kai tana dubansa, kwalabenta a rataye a kafaɗa, igiyar tana cin hammatarta.

Ya tuna ranar da ubansa ya fara ba shi riƙo, yana ɗan shekara goma sha shida. Tsoro ya sa ya ƙanƙame igiyar, ya bar ƙanen ubansa yana lilo a tsakiyar rami har ƙafafunsa suka mutu. Da aka fito da mutumin, uban bai daki Nomau ba. Cewa ya yi, in ƙanƙamewa ake so ai da a kututture aka ɗaura. An ba mutum ne don mutum ya san lokacin da ake ƙarawa.

Igiyar ta girgiza. Sau ɗaya.

Ya jira na biyu da na uku. Ya roƙi Allah su zo. Iska ya tsaya cak da garkensa, mai garwashi ta tsaya, tsohuwar ta ɗaga faifai, har ayarin ƙasa ya ji ya dakata. Tekun duka ya yi shiru, shirun da bai dace da shi ba, ya fara wari kamar kududdufi.

"In ta kai ƙasa, zan ji ta?" ya tambayi tsohon.

"In igiyar na hannunka."

"In kuma ta ƙare?"

Tsohon ya riga ya dushe, saura ɗan farin tabo a sama.

Igiyar ta sake girgiza. Sau ɗaya. Yatsunsa sun ƙage, ya rasa yadda ake buɗe su. Ya fara da ƙaramin.

Ƙahon mota ya tsaga gidan.

Nomau ya buɗe ido. Rumfar kara, darbejiya, inuwa ta kai gindin katanga. Rigarsa sharkaf da gumi, bakinsa gishiri. Uwale tana tsugune a gefen tabarmar da mayafinta da takalmanta, ta kama ɗan bakin igiyar da ya leƙo waje tsakanin yatsu biyu. Ba ta ja da ƙarfi ba. Da ta ga ya farka sai ta sunkuyar da kai, amma ba ta saki ba.

"Baba, motar ta zo."

Azumi tana tsaye a ƙofar ɗaki. Aka sake busa ƙahon.

Ya daɗe yana duban hannun yarinyar. Sannan ya dafa ƙasa, ya ɗaga jikinsa daga kan tabarmar. Ya ɗauki igiyar ya rataya a kafaɗa, ya tambayi inda aka sa gugan.

"Ki ce wa direban ya kashe motar," ya ce wa Azumi. "Rijiyar gaba goma sha takwas ce, ni kuma ba na ja da gaggawa."